Gurbin Yatsan Baba a Jikin Kyamara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Na buɗe wannan takarda da gaisuwar da ta kamaci ƙanwa ga yayanta, da fatan za ta same ka lafiya lau, kai da Anti da yaran duka. Allah ya ƙara maka ƙwarin jiki, ya yaye maka ciwon bayan nan da Anti ta ce yana hana ka sunkuyawa, ya sa albarka a gumin da kake zubarwa a siton nan da kuke ɗaurin kaya. Ya aiki, ya sanyin garin naku, ya haƙuri da kewar gida? Mu nan sai godiya. Maigidana ya ajiye sandar da yake dogarawa, ƙafar ta kama, har ya koma kan motarsa. Babbar 'yata ta haye jarrabawarta, yanzu sai an kira ta sau biyu take amsawa. Ƙaramin kuwa haƙoransa na gaba sun zube, duk wanda ya yi masa dariya sai ya ce kai za ka aiko masa da sababbi a kwali. Goggo tana nan da bakinta, bai ragu ba ko kaɗan. Kawu ma yana nan, sai dai kunne ya ƙara nauyi, shi ya sa kwana biyu ba a ji kansu da Goggo ba. Shagon ɗinkina yana tafiya daidai gwargwado.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Na gaji ne da maganar da ake yanke min a tsakiya. Duk ran da na ɗauko zancen Baba, ko layi ya lalace, ko shugabanku ya shigo, ko ka ce in bari sai ka natsu ka kira, kiran da har yau ina jira. Takarda ba ta da layin da zai katse. In ka ga dama ka karanta ta a zaune, in ka ga dama ka yaga, ni dai na faɗa. Ka yi haƙuri da abin da za ka ji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Raina a ɓace yake, Yaya, ya daɗe a ɓace, kuma da kai ya ɓaci.

Baba jiki ya yi nisa. Ba a kwance yake ba, yana cin abincinsa, yana zagayawa da ƙafarsa in an riƙe masa hannu, amma idanun sun tafi, iyakarsa ya bambance haske da duhu. Kan ma ya fara zamewa. Wata rana ya san ni sarai, har ya tsokane ni da Tsinke kamar yadda ya saba tun ina yarinya, wata rana kuma ya ɗauke ni Mama, ya tambaye ni me ya sa na daɗe a kasuwa, ni kuma in rasa bakin da zan ce masa Mama ta daɗe da rasuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar hoton rabin garin nan, wanda in ya dubi fuska sau ɗaya ya san ta wane gefe take son haske, yau shi ke laluben bango kafin ya sami ƙofar ɗakinsa. Abu ɗaya ne bai taɓa zame masa ba. Kowace safiya, da ya gama karyawa, sai ya buɗe tafin hannunsa a kan cinya ya ce a miƙo masa kyamararsa.

Ka san wadda yake nufi, baƙar nan babba mai nauyi, wadda da ita ya ciyar da mu. Ko bayan ya rufe situdiyo ya bar min ɗakin na kafa kekena, bai fasa al'adarsa ba. Sai ya zauna a bakin ƙofa, ya jera kyamarorin a kan ƙaramin tebur, ya ɗauki kowace ya goge da farin tsumma, ya hure mata ƙura, ya kafa ido, ya danna ta ko babu fim a ciki don dai ya ji ƙarar nan. Baƙar ita ce ta ƙarshe, ita kuma ba ya mayar da ita sai rana ta ɗaga, tana kan cinyarsa yana gaisawa da masu wucewa. Ka tuna mariƙinta? Tsabar riƙo, robar ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama, ta yi sulɓi har tana ƙyalli, ga kuma 'yar tsagar da ya yi mata da reza a gefe don ya gane ta da hannu a ɗakin wankin hoto in ya kashe fitila. Muna yara muna sa yatsunmu a gurbin nan muna gardamar wa zai cike shi. Naka ma bai cike ba, duk da kurin da kake yi mana.

Sai zuwanka na ƙarshe, shekarun baya. Ka tarar Baba ya yar da ƙaramar kyamara gilashinta ya tsage, ka kuma ji cewa wani mai sayen tsofaffin kaya yana leƙo gidan yana hira da Kawu. Nan da nan ka tara mu a falo kamar za a raba gado. Ka ce irin waɗannan kaya a inda kake daraja gare su, ka ce tarihin gidanmu ne, dole a kare su daga ƙura da kuma hannaye. Da za ka ce hannaye, maigidana ka duba. Shi mutum ne mai kawaici, amma bai manta ba, ni ma ban manta ba. Mutumin da ya bar gidansa ya dawo zama da suruki don kada in bar Baba shi kaɗai, shi ne ya zama abin tsoro a kan kyamara. Daga nan ka nuna mana sana'arka. Ka fito da ledar naɗi irin ta sitonku da salatif, ka naɗe kowace ninki kan ninki har ba ta inda iska za ta shiga, ka haɗa da filashin nan mai walƙiya in za a ɗauki hoto, da 'yar rediyonsa, da abin hangen nesa, da igiyoyin ratayawa, ka jera su a akwatin ƙarfen Mama, ka danna kwaɗo. Ka sa aka hau da shi ɗakin shirgi na sama, ƙarƙashin kwano, inda da rana ko ƙadangare ba ya zama. Makulli kuwa ya shige aljihunka. Na roƙe ka ka bar masa baƙar ita kaɗai, ka ce rigakafi ya fi magani, ka ƙara da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni da 'ya'yana biyu a lokacin. Baba yana zaune yana bin hannunka da ragowar ganinsa, bai tanka ba, sai da ka gama ya ce wa Goggo ta dubi yadda magajinsa ya iya ɗaurin kaya kamar na kamfani. Kwana kaɗan bayan haka ka hau jirgi.

Kai ka tafi, mu muka zauna da abin da ka bari. Da farko kowace safiya sai ya tambaya, in ce masa an ajiye. Da ya ga ba ta zuwa, sai ya koma goge duk abin da hannunsa ya faɗa a kai, kofin shayi, carbinsa, almakashina, har ranar da ya yanke yatsa na ɓoye su. Na kira ka ban san iyaka ba, amsarka ɗaya, a bari sai ka zo, kada kowa ya taɓa akwatin nan. A hankali ya daina zaman bakin ƙofa, ya ce ba ya son mutane su gan shi hannu sake kamar mai jiran sadaka. Ni ba likita ba ce, ba zan ce akwatin ne ya tafi da kan Baba ba, tsufa da ikon Allah suna nan. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na san daga lokacin da ya fara yin shiru. Watan da ya wuce na kai shi asibiti, likitar ta ji labarinsa, ta ce a irin wannan larura hannu ne ke ƙarshen mantuwa, a ba shi abin da hannunsa ya sani ya riƙa juyawa, zai rage masa firgita da baƙin rai. Ta tambaye ni ko akwai irin wannan abu a gida. Na ce akwai, yana sama a kulle, makullin yana ƙasar waje. Irin kallon da ta yi min, kai ya kamata a yi wa. Muna dawowa na kira mai walda ya yanke kwaɗon, kuma ba gafararka nake nema a kan wannan ba.

Gani ya kori ji, amma bari in gwada faɗa maka. Ina ɗaga murfin wani wari ya buge ni, irin na tayar da ta daɗe a rana. Na ɗauko ta farko na yanke salatif, ledar ta ƙi rabuwa da ita. Da na ja da ƙarfi sai ta taho da baƙin abu yana zare kamar kwalta. Duk inda roba take a jikin kayan nan ta narke, mariƙi, zoben da ake murɗawa a gaba, 'yar robar da ake kafa ido a kanta, har maɓallan rediyo. Igiyar ratayawa ta manne da abin hangen nesa sun zama abu ɗaya. In ka ɗora yatsa sai ya maƙale, in ka ɗaga ya bar zanensa a wurin, ya taho da baƙi. Na wanke hannu da sabulu, na sake da omo, danƙon yana nan daram. A ruɗen da nake ciki na shiga shago na dafa farin yadin wata mata da ta kawo ɗinki, sai da na sayo mata wani. Na koma sama na buɗe baƙar, ina addu'a ko ita Allah ya tsare ta. Ita ta fi kowace lalacewa, don robarta ta fi kauri. Na zauna a kan matakala da ita a cinya na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Mama.

Ka san gidanmu, ciwo ɗaya likita goma. Goggo ta ce wannan ai gumi ne, ta ɗauko hodar jarirai ta bunka wa rediyon. Ya yi kyau yini guda, har ta fara cewa a riƙa tambayar manya, kashegari hodar da danƙon suka haɗu suka zama laka. Kawu ya ce kananzir ne maganin duk wani baƙi, ya jiƙa tsumma ya dirje filashin, jikin ya yi fari fat ya dusashe, gidan ya kwana biyu yana warin risho. Maigidana da kyakkyawar niyya ya taho da fetur a gora, na riƙe hannunsa na ce ya rufa min asiri. Maƙwabciyarmu ta ce a shanya a rana ya bushe, mijinta ya ce a'a, firiji za a sa ya daskare, suka koma gida suna musu. Da na ga za a ƙarasa abin da zafi ya fara, sai na ɗauke baƙar na ɓoye a ƙasan kwabata na ce kowa ya yi ta kansa.

Na naɗe ɗaya daga ƙananan a jarida na kai wa Dogo mai gyaran rediyo, na kwanar layinmu. Ka san shi, yanzu ya yi furfura. Ya taɓa da bayan farce, ya goge a wando, ya ce robar ce ta mutu, kullum ana kawo masa irinta a jikin rimot da lasifika da tsofaffin wayoyi. Ya ce abin da ke sa roba laushi shi ne ke tsattsafowa waje in ta tsufa, zafi da rashin iska kuma su ke gaggauta shi, kuma shi dai bai san wani magani da ke mayar da ita yadda take ba, sai dai a kankare ta a huta. Ya ce in sayi sifirit mai ƙarfi a kemis, in sami tsumman auduga da tsohon katin banki, inda ya yi taurin kai in kwaɓa garin soda da ɗan ruwa in murza. Ya ja min kunne kada sifirit ya taɓa gilashin, kada ya zurara cikin maɓallai, in kuma yi hankali da fararen rubutun jiki don yana tafiya da su. Na tambaye shi ko da ba a naɗe ba haka za ta yi. Ya ce wata rana dai za ta yi, roba ma da ajalinta, amma ba da wannan saurin ba, ba kuma har ciki haka ba. Ka ga ban ɓoye maka abin da ke gefenka ba. Za ta mutu, gaskiya ne, sai dai da wataƙila sai bayan Baba ya gama da ita. Garin neman gira ka rasa mana ido, Yaya, shekarun da ya kamata ta yi a cinyarsa ta yi su tana dahuwa a ƙarƙashin kwano.

Tsumma dai ba ya yi wa tela wuya. Na kwaso ragowar ƙyallayen shago na zauna, in na taka keke na gaji in koma kan kyamara. Da ƙananan na fara don in koyi hannu. Na gane tsumman ake jiƙawa ba kyamarar ba, kuma gefe ɗaya ake sharewa, in ka yi gaba ka yi baya mayar da danƙon kake yi. Da ƙyalle ya yi baƙi sai a yar a ɗauki wani, in ba haka ba aikin banza ake. Inda ya yi kauri in sa kati in kankaro, lunguna kuma in naɗa auduga a tsinken ashana in bi a hankali. Ɗaya na yi ganganci na share mata rubutun gaba ɗaya, yanzu ba mai sanin inda ake murɗawa sai wanda ya haddace. Makonni na yi a haka. Yatsuna suka bushe suka tsage, in na riƙe allura sai in ji kamar wuta, kaina yana sarawa da warin sifirit, kwandon shara ya cika da baƙaƙen tsummoki. Amma sun fita. Suka yi tas, ba danƙo ba wari, sai dai sun zama tsirara, in ka riƙe sai santsi da sanyi.

Baƙar na bari ƙarshe, don ina tsoronta. Na yi ta fatan sama-sama ne lalacewar, in na share fuskar zan tarar da lafiyayyiyar roba a ƙasa da gurbin yatsan Baba a ciki. Ina! Ta yi laushi har ƙasa, in na danna yatsana nutsewa yake. Ledarka ta riga ta tafi da rabin gurbin, tsagar rezar kuwa ta narke ta haɗe kamar ba a taɓa yin ta ba. Na gwada dabara iri-iri don in ceci ragowar. Na share kaɗan na bar ta ta sha iska, na dawo na tarar ta sake tsattsafowa. Har hodar Goggo na gwada a ɓoye, kada ka gaya mata. Ba yadda za a yi in ba Baba ita a haka, mutumin da ke kai hannu ido da baki ba tare da ya sani ba. Na koma wurin Dogo, ya ce zaɓi biyu ne, ko in bar ta ta ci gaba da narkewa a kwaba, ko in kankare. Na kankare. Da hannuna, da tsohon katin banki, na kwashe abin da yatsan Baba ya yi shekara da shekaru yana sassaƙawa, ya taho a bakin kati ɗan dunƙule bai fi ƙwallon dabino ba. A ranar na tsine wa ledar nan da wanda ya ƙirƙiro ta, kai kuma Allah ya taimake ka jini ɗaya muke. Bayan nan na yanko baƙar fata mai laushi daga tsohuwar jakata, na auna ta yadda nake auna wuyan riga, na manna. Na sa bayan cokali na yi ta dannawa inda nake zaton gurbin yake, na sa reza na tsaga gefe inda na tuna. Duk wanda ya gani sai ya yaba, Kawu ya ce ta fi sabuwa kyau. Na danna ta, ƙarar nan tana nan yadda ka san ta.

Na zaɓi safiyar da ya tashi da kansa garau. Na yi masa wanka, na sa masa farar rigarsa da hula, na lallashe shi ya fito bakin ƙofa, na ajiye masa ɗan teburin da farin tsumma. Goggo ta zo, maigidana ya fasa fita. Ya gama shayi, ya buɗe tafin hannu ya ce a miƙo masa kyamararsa, a karon farko cikin shekarun nan na ce ga ta, Baba. Da nauyinta ya sauka a hannunsa sai da ya gyara zama, fuskarsa ta buɗe, wallahi har na fara hamdala. Hannun dama ya tafi wurinsa kai tsaye. Sai na ga babban yatsan yana yawo a kan fatar, ya hau sama, ya sauko, ya koma, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin baƙunta. Ya lalubi gefe ya sami tsagata, ya bi ta da farce, ya wuce ta. Ya kai ta hanci ya shinshina. Ko dannawa bai yi ba. Sai ya miƙo min ita da hannu biyu, a hankali, yadda ake miƙa jaririn wani, ya ce, “Kaya ne mai kyau, Tsinke, amma ba tawa ba ce. Mayar wa mai ita kada ya yi ta nema.”

Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa tasa ce, robar ce ta lalace a ajiya na canza mata. Goggo ta yi ta rantsuwa har da ɗaga murya. Sai ransa ya ɓaci. Ya ce wace irin ajiya, shi da idonsa ya ga yadda magajinsa ya naɗe ta, ko ƙura ba za ta shiga ba balle lalacewa, kada mu ɓata wa yaro suna don ba ya nan. Ya ce tasa tana wurin yayana, shi ya san darajar kaya. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina ya yi min nasiha, wai in ji tsoron Allah in daina ɗauko kayan mutane, shi bai yi mana irin wannan tarbiyya ba. Abubuwa da yawa sun zube daga kan Baba, ranar da ka naɗe kyamarar nan ba ta zube ba. Na sake gwadawa kashegari, na sake bayan mako, ya kai in ya ji nauyinta sai ya janye hannu ya ɓoye a cikin riga. Likita ta ce in daina, tayar masa da hankali nake. Yanzu in ya buɗe tafin hannu da safe, sai in ce masa tana wurin Yaya, ya gyaɗa kai ya ce to madalla, tana hannu mai kyau. Kullum da bakina nake wanke ka, ni mai tsagaggun yatsu na zama wadda ake yi wa wa'azin sata. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, kuma ban ga dalilin da zai sa in ci gaba da haɗiye shi ni kaɗai ba.

Na san halinka, kana gama karantawa za ka shiga neman irinta a kasuwar tsofaffin kaya ka aiko a kwali, a naɗe ninki kan ninki. Kada ka wahalar da kanka, kamfani ba ya sayar da gurbin yatsan Baba. Kada kuma ka aiko da wani abu wai don a faranta min, ban rasa ci ba ban rasa sha ba. Tunda ya ce tana wurinka, to tana wurinka, sai ka san yadda za ka yi ka kawo masa. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi hutu ka zo, in ɗauko ta daga kwaba in ba ka a bayan ƙofa, ka shiga da sallamarka ka sa masa ita a hannu da hannunka. Wataƙila daga gare ka ya karɓa, don ni dai ya gama yanke min hukunci. In kuma ya laluba ya miƙo maka ita kamar yadda ya miƙo min, to ka tsaya a gabansa ka gaya masa inda tasa ta tafi. Kada ka ce sai ƙarshen shekara. Jikin da nake gani kullum ba na jiran ƙarshen shekara ba ne, Allah dai ya ba shi lafiya ya sa mu ga alheri.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce na ga saƙonta na gode, ita ba ruwanta a wannan magana. Ka shafa min kan 'yan biyu da autarku, Allah ya raya su ya sa su ji ƙanku. Goggo tana gaishe ka, ta ce sauran maganar sai ta gan ka ido da ido. Kawu yana gaishe ka, maigidana ma yana gaishe ka, yarana suna gaida babansu na waje. Dogo ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Baba ma yana gaishe ka. Da na ce masa takarda nake rubuta maka, ya sa maka albarka mai yawa, sannan ya riƙo hannuna ya ce lallai in rubuta maka wannan, kada in manta: ka riƙa fito da ita kana gogewa tana shan iska, kada ka bar ta a rufe, roba ba ta son rufi. Ya ce tun ranar ya so ya gaya maka, ya ga kana ta ƙoƙari, bai so ya kunyata ka a gaban ƙanwarka ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,

Tsinke